Musayar Ƙwaya a Shagon Aski

Ranar da aka buɗe wa Tela hanyar jinin zuciyarsa, duk wanda ke ɗakin aikin ya san an kawo mai surutu. Shi ya zaci tsaga masa ƙirji za a yi a ɗinke, har ya bar wa matarsa wasiyyar wanda za a ba keken ɗinkinsa. Sai ga shi an kwantar da shi ido biyu, an kashe masa zafin wuyan hannu da allura, Likita ta huda wata 'yar ƙofa da ba ta fi kan ashana ba, ta zura wani siririn bututu ta cikin jijiya, tana tura shi a hankali har zuwa zuciya. A gefensa akwai allo mai nuna komai. Ya ga jijiyoyinsa sun bazu kamar saiwar bishiya, ya kuma ga inda ɗaya ta tsuke, jini na wucewa da ƙyar.

"Likita, ai zare kike zura wa allura," in ji shi. "Wallahi da shagona kika zo, da na ba ki keke."

"Baba, a daina motsi."

"Ni ban motsa ba, bakina ne kawai."

Ta hura wata 'yar balan-balan a wurin da ya tsuke, sannan ta bar wata ƙaramar raga ta ƙarfe a ciki don ta tokare hanyar kada ta sake rufewa. A allo jini ya wuce fuu. Nauyin da ya yi wata shida zaune a ƙirjin Tela ya tashi tsam, shi kuwa ya kama dariya har sai da aka ce in bai bari ba za a ɗaure shi.

Bayan kwana biyu aka sallame shi. Gidansu hawa na biyu ne, a saman shagonsa. Ya haye matakalar ba tsayawa, da ya kai sama ya sauko ya sake hawa, wai matarsa ba ta gani da kyau ba. Matar, wadda kowa ke kira Malama saboda shekara talatin da ta yi tana koyarwa, ta ce ta gani sarai, in ya ƙara na uku ita za ta mayar da shi asibitin da hannunta.

Tela yana da wa guda ɗaya a duniya, mai aski ne, shekara goma ya ba shi. Shagunansu bango ɗaya ya raba, akwai ma 'yar ƙofa a tsakani da ba a taɓa rufe ta ba. Iyayensu sun rasu Tela yana ɗan shekara shida, kuma da aska da almakashi Yaya ya ciyar da shi, ya sa shi makaranta, ya saya masa keken farko. Duk maganar da Allah ya raba wa gidan, Tela ne ya kwashe. Yaya kuwa in ya ce maka "to" da safe, ka ci ribar ranar. Wata uku bayan aikin Tela, shi ma ƙirjinsa ya riƙe yana tsakar aski, aka kai shi ɗakin nan, aka zura masa bututun nan, aka sa masa tasa ragar. Tela yana baranda yana yi wa dangin wasu marasa lafiya bayanin yadda ake aikin, da tef ɗin awo a wuya, har wata tsohuwa ta tambaye shi ko shi ne babban likitan.

A asibitin ne wata ma'aikaciyar jinya, wadda suke kira Sista, ta zaunar da su a wani ɗan ofis mai kabad na ƙarfe, ta ce ana wani bincike, in suna so su shiga. Ta bi takardar da su layi-layi. Duk wanda aka sa wa raga yana shan maganin da aka saba bayarwa don kada jini ya daskare a jikinta, wannan ba za a taɓa shi ba. Abin da ake son sani shi ne, ko ƙara wani sabon maganin tsinka jini a kai zai rage dawowar ciwon. Don haka kowa zai karɓi kwalba ɗaya duk wata, ƙwaya ɗaya kowace yamma. Rabin mutane ƙwayar gaske ce a kwalbarsu, rabi kuwa ta bogi ce, babu magani a cikinta. Girmansu ɗaya, launinsu ɗaya.

"To wa ke zaɓa?" in ji Tela.

"Kwamfuta, Baba."

"Ke kin san tawa?"

"Ban sani ba. Likita ma ba ta sani ba. Da mun sani, da son zuciya ya shiga lissafin." Ta nuna kabad ɗin. "Amsar kowa tana cikin ambulan a rufe, da lambarsa a kai. Ba a buɗewa sai in an shiga haɗari, kamar jini ya ƙi tsayawa, muna bukatar sanin abin da ke jikin mutum. Kuma ku ji ni da kyau: kada ku ba kowa taku, kada ku sha ta kowa."

Yaya ya ce, "To." Tela ya yi tambaya goma sha ɗaya, sannan ya sa hannu da wani irin rubutu mai jela. Aka ba shi lamba arba'in da bakwai, Yaya ya samu arba'in da takwas, aka haɗa musu ranar karɓa, Talatar farkon kowane wata. Tun daga ranar in Tela ya leƙa ta 'yar ƙofa sai ya ce, "Arba'in da takwas, an tashi lafiya?"

Amma a ce wa mutum irin Tela akwai amsa a cikin ambulan, kuma kada ya sani sai bayan shekara biyu, wannan ai horo ne. Mutumin da in ya kalle ka sau ɗaya zai faɗi faɗin kafaɗarka ba tare da tef ba! Ya ɗaga ƙwayar a rana ya duba. Ya shinshina. Ya lasa. Ba ta gaya masa komai ba.

Wata safiya yana kafa maɓalli allura ta soke shi a yatsa. Ya tsotse ya ci gaba, sai ya ga ja a jikin farar rigar da ke hannunsa. Ya sake tsotsewa, jinin ya sake tsattsafowa. Tela ya ajiye rigar a hankali, ya dubi agogo, zuciyarsa na bugawa da murna. Minti huɗu cur kafin ya tsaya. Ya jawo littafin da yake rubuta awon mutane, ya buɗe shafin ƙarshe ya rubuta: Ni, minti huɗu. Washegari ya soki wani yatsan da gangan, don shi ma ya san bincike ba a yi sau ɗaya. Minti huɗu da 'yan kai.

Saura Yaya. Kwana tara Tela yana zarya shagon askin, yau aron tsintsiya, gobe neman ashana, yana jiran aska ta yi kuskure a hannun da ya shekara hamsin bai cika kuskure ba. A rana ta goma Yaya yana sauya reza ta ɗan shafe shi a babban yatsa. Ya juya wajen tebur, ya juyo. Tela ya kama hannun ya duba, jini ya tsaya ƙaf.

"Lafiya?" in ji Yaya.

"Lafiya lau. Farcenka nake dubawa."

Ya koma shago ya rubuta: Yaya, ko minti ɗaya bai kai ba. Ya ja layi biyu a ƙasa. Shi ke nan, magana ta fito fili, tasa ce ta gaske, ta Yaya alli ce. Ya tashi ya taka rawa tsakanin keke da teburin yanka, shi da ya gano abin da Likita da Sista da kwamfutarsu suka ɓoye. Murnar ta kai shi har la'asar. Da yamma ya leƙa ya ga Yaya ya zauna a kujerar aski, ya buɗe kwalbarsa, ya haɗiye ƙwayar da ruwa cikin natsuwa, ya yi hamdala. Nan take murnar ta gushe. Ya tuna suna yara, kwano ɗaya, yadda tsokar nama kan taso daga gefen Yaya ta dawo gefensa, Yaya yana kallon bango kamar ba shi ya turo ba. Yau kuma ga rabo ya zo, shi ƙaramin aka ba mai kyau, babba yana haɗiyar alli yana godiya. Tausayi ya kama shi har ya kasa cin abincin dare.

Talatar da ta biyo ya ja Sista gefe.

"'Yata, a ce mutum biyu 'yan gida ɗaya suna son musayar lamba…"

"Ba a yi, Baba."

"Ko da jininsu ɗaya ne?"

"Ko da tagwaye ne. Me ya faru?"

"Babu komai. Tambaya ce ta ilimi."

To, dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Murfin kwalbar irin mai gardamar nan ne, sai an danna an murɗa, kuma tun farko Tela ke buɗe wa Yaya nasa ya yanke takardar da aka liƙe bakin da ita. Da suka dawo daga asibiti, Yaya ya ajiye sabuwar kwalbarsa inda ya saba, a kan kanta ta bayan shago kusa da tawul, ya kama askin wani mai saje, ya ba kantar baya. Tela ya shigo da sanɗa, ya ce bari ya buɗe masa murfi, almakashinsa na can, ya fice da kwalbar. A teburin yanka ya shimfiɗa ƙyalle biyu, fari da shuɗi. Ya juye tasa a fari, ta Yaya a shuɗi. Ya ƙirga talatin, ya ƙirga talatin. Ya naɗe farin kamar mazurari ya zuba a kwalba mai lamba arba'in da takwas, shuɗin ya tafi arba'in da bakwai. Bakinsa har kunne. Ya mayar da kwalbar kan kanta, Yaya ko waiwayowa bai yi ba.

Wata huɗu aka yi ana haka, kuma unguwar ba ta taɓa ganin Tela irin na watannin nan ba. Yana taka keke yana waƙa. Wanda ya kawo ɗinkin wando mai aljihu biyu sai ya tarar da uku, na ukun kyauta. Sau goma a rana zai leƙa ta 'yar ƙofa.

"Yaya, ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi."

"Ba ka jin kamar jini na gudu sosai?"

"Ina aski."

Sai ya koma ya toshe baki yana ƙyaƙyatawa. Ko ina ya duba shaida yake gani. Yaya ya hau matakala bai dafa bango ba: aikin ƙwaya. Yaya ya ƙara cin abinci: aikin ƙwaya. Yaya ya yi dariya sau ɗaya da wani mai sanƙo ya nemi a rage masa kuɗin aski: wannan kam ba shakka aikin ƙwaya ne. Shi kuwa, tunda yanzu alli yake sha, sai ya kama kansa da kyau. Ya bar gishiri, ya bar maiƙo, kullum bayan azahar ya ajiye almakashi ya zaga unguwa da ƙafa na rabin awa, yana tafe yana jin kansa wani jarumi da ba wanda ya san sadaukarwarsa. Ranar asibiti Sista ta ƙirga ragowar ƙwayoyi ta ga lissafi daidai, ta ce da duk mutanenta kamar su ne da ta huta. Tela ya sunkuyar da kai don kada dariya ta tona shi.

Malama dai ba ta yarda ba. Shekara talatin tana gane yaron da ya ɓoye abu a aljihu tun daga bakin ƙofar aji.

"Malam, me kake ƙullawa?"

"Ni? Lafiya ce ta yi min yawa."

"Lafiya ba ta sa mutum dariya shi kaɗai a banɗaki."

Rana dubu ta ɓarawo. Wata Alhamis da hantsi Tela ya ji an kira sunansa na yarinta ta 'yar ƙofa, sunan da Yaya bai kira ba tun aurensa. Ya shiga da gudu. Yaya yana tsaye, kilifa a hannu, wani mutum a kujera da rabin kai a aske, jini kuwa na zuba daga hancin Yaya har gaban riga. Haɓo ne. Suka zaunar da shi, aka matse hanci, aka sa ruwan sanyi. Tawul na farko ya jiƙe, na biyu ya jiƙe. Da aka ɗauko na uku Malama ta tare tasi, mai rabin kai ma ya bi su don ya ce ba zai shiga gari haka ba.

A ɗakin gaggawa aka ja labule, Likita ta zo ta fara cusa auduga mai magani a hancin. Malama ta ciro katin binciken daga aljihun Yaya ta miƙa, aka kira Sista. Tela yana bayan labule yana kai da komo, sai ya ji muryar Likita.

"In bai tsaya nan da minti goma ba, ɗauko min ambulan na arba'in da takwas. In ta gaske yake sha, sai mu ba shi abin da zai karya ƙarfinta. In ta bogi ce, mu nemi dalili a wani wurin."

Tela ya tsaya cak. Ambulan zai ce bogi. Za su yarda da takarda, su bar maganin da ya kamata su bayar, alhali abin da ke cikin jikin Yaya na gaske ne, kuma shi ya zuba masa da hannunsa, a farin ƙyalle, wata huɗu. Garin neman gira zai rasa ido. Kunya ta ce masa ya yi shiru, wataƙila jinin ya tsaya da kansa. Ya dubi tawul ɗin da ke hannun Malama. Ya yaye labulen har ƙarfen ya yi ƙara.

"Kada ku yarda da ambulan! Ƙarya zai yi muku! Nawa za ku buɗe, arba'in da bakwai!"

Kowa ya juyo. Maganar ta zubo masa ba kai ba gindi: allura, agogo, minti huɗu, ƙyalle fari da shuɗi, Talata huɗu. Yana yi yana kuka, tef ɗin awo na lilo a wuyansa. Malama ta dafe kai ta ce ita dai ta san a rina. Sista kuwa fuskarta ta sauya, ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi.

"Baba, da bakina na ce kada ka ba kowa. Mutum dubu biyu ke shan ƙwayar nan don a san gaskiya, wasunsu sun fi ka ciwo. Ka san abin da ka yi wa lissafinsu? Ka san abin da ka kusa yi wa ɗan'uwanka?"

"Na sani, 'yata. Ku kore ni, ku ɗaure ni. Shi dai ku cece shi."

Likita ta ce a ɗauko ambulan biyun duka, a kuma ɗebi jinin Yaya a kai gwaji yanzu. Sista ta juya za ta fita. Sai aka ji wata murya daga kan gado, a toshe saboda auduga.

"Ku bar nasa. Tawa nake sha."

Yaya ne. Yana zaune ya ɗan sunkuya, auduga ta leƙo ta hanci biyu, yana kallon ƙanensa.

"Yaya, ba ka gane ba," in ji Tela. "Na musanya…"

"Na mayar."

"Ka me?"

"Duk Talatar da ka musanya, na mayar." Ya numfasa ta baki. Ga alama maganar da ya tara ta shekara ce zai kashe yau. "Shagona madubi ne gaba da baya. Shekara hamsin ina aski ina ganin wanda ya shigo da wanda ya fita ban waiwaya ba. Buɗe murfi ba ya cin minti goma. Da ka fita zagayenka na bayan azahar na shiga shagonka, ga ƙyalle biyu a tebur, ga littafi a buɗe: Ni minti huɗu, Yaya ko ɗaya bai kai ba. Har da ja-layi. Kwalbarka tana aljihun keke. Ban sha ko ɗaya ba tukuna, kai ma haka, sai yamma. Na juye, na ƙirga, na mayar wa kowa tasa. Da ƙyallenka ma na yi."

 Mai rabin kai, wanda ba wanda ya san ya shigo, ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma!"

Sista ta yi ƙoƙari. Ta cije leɓe, ta kalli silin, ta rungume fayil. Dariyar ta ƙwace mata ta hanci, Likita ta kama, Malama ta zauna a kujera tana share hawaye. Tela ya tsaya baki buɗe.

"To ai… to ai na ga ya ƙara ƙarfi! Yana hawa bene!"

"Ragar da na sa masa fa, ado ce?" in ji Likita.

"Minti huɗun fa?"

"Baba, maganin da kuke sha tun farko, ku biyun, shi kaɗai ya isa ya sa jini ya daɗe bai tsaya ba. Haɓon nan ma zai iya zama shi ne. Agogonka ba zai gaya maka komai ba."

"To shi me ya sa nasa ya tsaya nan take?"

Yaya ya ɗaga babban yatsa. "Farin dutsen da nake goga wa mutane in na yanke su. Shi na goga."

Wannan karon har mai gadon kusa, da ke bayan wani labulen, sai da ya yi dariya. Likita dai ba ta saki aikinta ba. Ta sa aka kai jinin gwaji, ta titsiye Yaya da tambaya, wace Talata, ƙarfe nawa, ya tabbata bai tsallake ko ɗaya ba, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Kafin su gama ta duba audugar ta ga ba sabon ja. Haɓon ya tsaya. Ambulan biyun suka ci gaba da zama a kabad, a rufe.

Sista ta rubuta rahoto shafi uku, ta ce a rayuwarta ba ta taɓa rubuta irinsa ba, kuma sai da manyan binciken suka zauna a kansa. Aka bar su a ciki da sharaɗi. Aka raba musu rana, Tela Talata, Yaya Alhamis. Kwalbar Tela ta koma hannun Malama, a akwatin da take ajiye takardun jarrabawa a da, mabuɗin a ɗaure a bakin zaninta. Kowace yamma ita ke ba shi ƙwaya ɗaya, ta tsaya har ya haɗiye, ta ce ya buɗe baki ta gani.

Mako guda Tela bai leƙa 'yar ƙofar ba. Kunya ta hana shi, aljihun wando ma ya koma biyu. A rana ta takwas da safe Yaya ya ƙwanƙwasa bango da bayan buroshi, alamar da yake yi masa tun suna samari in gashinsa ya taru. Tela ya shigo sumui-sumui ya zauna a kujera. Yaya ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya, ya juya yana goge kilifa.

Tela ya ɗaga ido. Bai taɓa lura ba, shi da kullum a kujerar nan bakinsa yake kallo yana zuba. Madubin gaba yana kallon na baya, kuma daga inda Yaya ke tsayawa ana ganin komai: kanta, tawul, kwalba mai lamba arba'in da takwas, 'yar ƙofa, har da kusurwar teburin yankansa. Dariya ta taso masa, ya yi ta, sannan wata tambaya ta biyo bayanta ta kashe ta.

"Yaya, me ya sa ba ka yi min magana ba tun ranar farko?"

"Da ka nemo wata dabarar da madubi ba ya gani." Ya hura kilifar. "Kuma kana ta murna. Na daɗe ban ji kana waƙa ba."

"Amma kai ka san da farin dutse. Ka san lissafina ba daidai ba ne."

"Na san nawa ba daidai ba ne. Naka minti huɗun ai da agogo ka auna. Kai ne ka yi makaranta."

Tela ya juyo a kujera. "Wato ka yarda tawa ce ta gaske?"

"Na yarda mana."

"Ka gan ta a kwalbarka, talatin cif, ka juye ka mayar min. Sau huɗu. Kai kuma kana haɗiyar abin da kake zaton alli ne."

Yaya ya kama kansa da yatsu biyu ya mayar da shi gaba, kamar yadda yake yi wa yara masu wutsil-wutsil.

"Da ruwa yana wucewa," in ji shi.

Tela ya kalli tsohon a madubi, da furfurarsa, da 'yar audugar da har yanzu ke hancinsa na hagu, ƙauna ta cika masa ƙirji har ya ji kamar ragar Likita ba za ta ɗauka ba. Karo na farko a rayuwarsa ya nemi magana ya rasa. Hawaye ya gangaro ya ɗiga a kan ƙyallen.

"Gashi ne ya shiga idona," in ji shi.

"Ban fara ba tukuna," in ji Yaya, ya kunna kilifa.